Kabari Biyu a Bakin Shinge

Abban Walida,

Assalamu alaikum. An tabbatar mana da kujeru biyu a jirgin ranar Asabar, ni da Walida. Takardar zamanmu a Maleshiya a jikin taka ta ɗalibta take, kuma ƙarin wa'adin da aka yi mana bayan rasuwarka ya zo ƙarshe. Za mu sauka Abuja, mu kama hanyar Zariya. Kai za ka zauna.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Duk shekarun da na yi ina tace labarai a gidan jarida a Kaduna ban taɓa ɓata lokaci a kan rubutun da na san babu mai karanta shi ba, sai ga shi yau ina yin nawa. Amma babu wanda zan gaya wa abin da ke tafe ya gane shi duka in ba kai ba, domin rabin maganar taka ce, rabi kuma ta sarkinka.

Bari in fara da labarin gida, tunda kullum ka dawo daga laburare shi kake fara tambaya kafin ka cire takalmi. Walida ta yi giɓi, haƙora biyu na gaba, tana magana iska na fita. Har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, in ta yi fushi kuma da Malayanci. Na gaya mata a Zariya babu mai saurarenta haka, ta ce za ta koya wa kakarta. Hajiyarka lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar nan. Matar Sani ƙaninka ta haihu, namiji, an mayar da sunanka, Halifa suke kiransa. Shagon mamak, gidan abincin nan na ƙasan gininmu, ya buɗe, an dawo da kujeru waje. Mai shagon ya tambaye ni ina dokta, don shi tun shekararmu ta farko ya ba ka digirin. Na gaya masa. Ya tsaya da ludayi a hannu yana kallona, sannan ya juya ya ƙunsa mana roti, gurasarsu ta nan.

Na fita takaba. Ka san yadda take a gida: tabarmi a tsakar gida, mata suna shiga suna fita, wata ta kawo kunu, wata ta zo ta yi kukanta ta tafi, wata ta zo da gulma don ta ɗauke wa mutum hankali. Tawa a hawa na tara na yi ta, a Wangsa Maju, gari kuma a kulle saboda annoba. Matan 'yan'uwanmu ɗalibai sun yi ƙoƙari. Sukan rataye abinci a ƙofar ƙarfe, su bugo waya daga cikin lif su ce Maman Walida ga tapau nan, wato ƙunshin abinci, Allah ya ƙara haƙuri. Muryoyi na samu, ban samu fuskoki ba. Daga baranda nakan ga jirgin ƙasa na LRT yana wucewa babu kowa a ciki, fitilunsa a kunne da rana tsaka. Wani lokaci har nakan rasa wace doka ce ta tsare ni a ɗaki, ta Allah ko ta gwamnati.

Har yau ban san inda ka ɗauko cutar ba. Cefane kaɗai kake fita, da takunkumi biyu a fuska. Maganarmu ta ƙarshe ta waya ce daga gadon asibiti, robar iska ta rufe maka baki, kana ɗaga ta ka faɗi kalma biyu ka mayar. Ka tambaya ko Walida ta ci abinci. Na ce ta ci. Ka ɗaga mini babban yatsa. Da na san ita ce ta ƙarshe, me zan ce? Na sha yi wa kaina wannan tambayar, kuma gaskiya ban san amsar ba. Wataƙila dai ta ci ɗin zan sake cewa.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, domin bayan ka tafi ya faru. Zan ba ka shi a jere, yadda na tattara shi.

Ranar da asibiti suka kira, ni da Walida muna killace, da robar nan ruwan hoda ta shaidar killacewa a wuyan hannu. Ban ga fuskarka ba. Ba a yi maka wanka da ruwa ba, taimama aka yi a kan ledar da aka rufe ka. Ma'aikata ne suka sallace ka, su suka kai ka, cikin fararen rigunan nan da ba a gane mutum. Malam Lawal, shugaban ɗalibanmu, da Malam Isa abokin karatunka, su aka bari su tsaya a bayan shinge, daga nesa. Gawa biyu motar ta kawo: kai da wani bawan Allah, lebura baƙo daga wata ƙasa, wanda ya rasu a asibitin a ranar, babu kowa nasa. Aka sa ku kusa da juna a ƙarshen layi.

Bayan 'yan kwanaki mutanen maƙabartar suka kira Malam Lawal, tunda lambarsa aka bayar. Su a nan kowane kabari ana kafa masa duwatsu biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, a rubuta suna. Kafin a yi na dutse akan sa allon katako. Suka tambaya me za a rubuta. Malam Lawal ya yi musu godiya, ya ce a bari, mu a wajenmu ba ma yin haka. Bai tambaye ni ba, kuma ban riƙe shi da wannan ba. Ina kwance da zazzaɓi, kuma a Zariya wa ke tambayar mace zancen kabari? Gaskiya ya faɗa musu. A gida ba ma yi, domin ba ma bukata. Unguwa ce gaba ɗaya ke raka gawa. Ƙanin mamaci ya shiga ramin, maƙwabci ya miƙa itace, wani ya kwaɓa ƙasa, a kafa fasasshiyar tukunya. Bayan shekaru in ka tambaya za a sami wanda zai ce ga shi can, gabas da darbejiya, kusa da na Malam wane. Mutanen su ne alamar. Abin da Malam Lawal ya manta, kuma da ni ce a matsayinsa da na manta, shi ne kai babu wanda ya raka ka.

Ofishin wurin ya kafa 'yan turaku masu lamba, kamar yadda suke yi wa kowa. Sai daminar ƙarshen shekara ta zo da ruwan da tsofaffin garin nan suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Sabuwar ƙasa ce, jar laka, a kan gangare. Ruwa ya tafi da turakun. Masu dangi sun riga sun sha zuwa, sun san nasu, wasu ma sun kafa duwatsu. Aka gyara layin duka. Saura biyu.

To ka ga inda sarkinka ya shigo.

A gidan nan ba mu taɓa kiran sunansa ba. Walida ce ta raɗa masa Sarkin Abba, ya bi shi. Sarkin Faransa na ƙarni na goma sha uku, wanda sau biyu ya ɗauki gicciye ya haɗa runduna ya tsallaka teku don ya ƙwace Ƙudus daga hannun Musulmi, kuma ya mutu bai taka garin ba. Mutane sukan yi mamaki: Bazazzagi, mai sallar asuba a jam'i, ya zo nan da tallafin gwamnati ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan mutumin da ya zo yaƙar Musulmi. Kakan ce aikinka shi ne ka ajiye abin da Larabawa suka rubuta a kansa kusa da abin da mutanensa suka rubuta, ka ga inda kowa ya yi wa nasa kara. Wannan amsar ce ta sa na yarda nake tace maka kundin digirinka babi-babi, domin aikina ke nan a da, sai dai ni mutanen da nake rubutu a kansu suna raye, suna iya bugo waya su yi zagi.

Na san shi yanzu kamar wani kawunka. Yana ɗan shekara goma sha biyu uban ya mutu aka naɗa shi, uwar ta riƙe ƙasar da hannu mai ƙarfi, ta riƙe shi ma. Da ya yi aure sai da ta kai shi da matarsa a kan matakalar bene suke haɗuwa a ɓoye, dogarai suna buga ƙofa da sanda in sun hango uwar tafe. Kakan ba da wannan a kan abinci kana dariya har ka ƙware, ni kuwa ina gode wa Allah da ya ba ni Hajiya. Ya yi ciwo har aka fid da rai, da ya farfaɗo ya yi alwashin tafiya yaƙin, uwar ta yi roƙon duniya bai ji ba. Ya ɗauki matarsa ya nufi Masar. Suka ci Dimyaɗ a sauƙaƙe, suka nausa ciki, aka karya su a Mansura, ciwon ciki ya ci rundunar, shi kansa da aka kama shi ba ya iya tsayuwa. Ya yi zaman fursuna a gidan wani magatakarda har aka fanshe shi. Maimakon ya koma gida sai ya ƙara shekaru a gaɓar Sham yana gyaran ganuwa, har uwar ta mutu, labarin ya iske shi bayan watanni. Ya shige ɗaki ya ƙi magana da kowa. Wurin nan ne kaɗai a kundin da na ga rubutunka ya yi laushi, kuma na san dalili. Ranar da ka rubuta shi sai da ka kira Hajiya ba tare da wani uzuri ba.

Da ya koma gida ya daina sa tufafin ado. Yakan zauna a gindin bishiya talaka ya zo ya kai ƙara babu shamaki, yakan wanke ƙafafun matalauta, ya ciyar da kutare da hannunsa. Shi ne kuma mutumin da aka ƙona littattafan Yahudawa da yardarsa, wanda ya sa aka yi wa wani lalas a leɓe don ya yi saɓo. Na taɓa ja maka layi a ƙarƙashin wata jimla da ka kira shi adali, na rubuta a gefe: ga wa? Ka yi fushi har ka ƙi shan shayin da na haɗa, sannan ka mayar da tambayata ta zama sakin layi guda, ba ka ce na gode ba. Na lura.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk shekarun nan matarsa nake bi a cikin shafukanka. Kai ɗan wuri kaɗan ka ba ta. Ita aka bari a Dimyaɗ da tsohon ciki, a garin da ba ta jin harshensa. Labarin kama mijinta ya zo, bayan kwana uku ta haihu, ta sa wa yaron suna mai ma'anar baƙin ciki. Tana kwance tana jego ta tara 'yan kasuwar da ke shirin guduwa da jiragensu, ta sa aka saye abincin garin aka ciyar da su don su tsaya, domin in garin ya faɗi babu abin da za a bayar a karɓo sarki. 'Ya'ya goma sha ɗaya ta haifa masa. Kuma abokinsa na kusa ya shaida cewa duk zaman da suka yi tare a can bai taɓa jin ya ambaci matar ko yaran ba. Ka tuna ranar da muka zo wurin nan? Ka ce wannan ba ya cikin abin da kundin ke nema. Na ce to.

Ban ce kai shi ne ba. Kai kana tambayar labarin gida. Amma kai ma ka ɗauko mace daga aikinta ka tsallaka teku da ita saboda abin da ka sa a gaba, ka bar uwa tana jira. Na ajiye jarida na biyo ka ina murmushi, kuma shekarar farko sau da yawa in ka fita sai in tsaya a kicin in yi kuka, in wanke fuska kafin ka dawo. Ba ka sani ba. Akwai wanda ya fi wannan, shi ma ba ka sani ba: daga baya na so garin nan. Na so ruwan la'asar da ke sauka kamar an yi alƙawari da shi. Na so in hau jirgi ni kaɗai in sauka Bukit Bintang in shiga shagon littattafai, babu wanda ya san 'yar gidan wa ce ni. Kai kana ɗokin gamawa mu koma, ni ina jin daɗi a ɓoye duk lokacin da malaminka ya ƙara maka gyara. Me ya hana ni faɗa? Kunya, ina jin. Kana kewar Hajiya, ta yaya zan ce maka ni nesa ta karɓe ni?

Babin ƙarshe ne ba ka gama ba, na mutuwarsa. Na karanta abin da ka bari lokacin da nake ɗaure littattafanka a kwali. Jiki ya yi rauni, ko doguwar tafiya a kan doki ba ya iyawa, amma ya sake ɗaukar gicciye, da yawa daga cikin mutanensa suna ganin kuskure ne. Wannan karon a Tunis ya sauka, a tsakiyar zafi. Ba a yi wani yaƙin kirki ba. Annoba ta shiga sansani. Cikin waɗanda ta fara ɗauka har da yaron nan da aka haifa a Dimyaɗ, ya zama saurayi. Aka ɓoye wa uban na kwanaki. Sannan shi ma ya kwanta, aka shimfiɗa shi a kan toka, ya cika. Matar tana gida, wannan tafiyar ba da ita aka yi ba. Ita ma ba ta ga fuskarsa ba.

Mutanensa ba su yarda su bar shi a ƙasar Musulmi ba, gawa kuma ba ta jure irin wannan tafiyar. Sai suka yi abin da ake yi wa manyansu a lokacin: suka dafa gawar a ruwa da giya har nama ya rabu da ƙashi. Ƙaninsa mai mulkin Sisili ya tafi da naman da kayan ciki. Ɗansa magaji ya ɗauki ƙasusuwan a akwati ya nufi gida. A hanya mijin 'yar'uwarsa ya mutu, matar shi magajin ta faɗo daga doki da ciki ta mutu ita da jaririn, ya shiga Paris da jerin akwatuna. Inda masu ɗauke da ƙashin suka riƙa tsayawa hutu tsakanin birnin da makwancin sarakuna, daga baya an kafa duwatsu. Zuciyar kuwa, ka rubuta cewa majiyoyi sun saɓa: wasu sun ce ta bi ƙaninsa, wasu sun ce sojoji sun hana a raba su da ita, wasu sun ce tana tare da ƙashin. A nan rubutunka ya tsaya.

Na tuna yadda kake girgiza kai a kan wannan. Kakan ce dubi wahala a kan ƙashi, mu Allah ya hutar da mu, inda ka faɗi nan ce ƙasarka, addu'a kuma ba ta neman adireshi. Ka ce ƙarshenta ma kabarin nasa an rushe shi, ƙasusuwan sun watse tsakanin masu neman tabarruki da masu tawaye. Na yarda da kai a lokacin, yanzu ma na yarda. Ban taɓa tunanin a tono ka ba, Allah ya kiyaye. Amma na daina yi wa mutanen nan dariya. Matashin da ya ratsa duwatsu da akwatin ubansa, ina jin so yake in uwarsa ta tambaye shi ina ka baro shi, ya sami abin nunawa.

Hajiya ta yi mini wannan tambayar. Ran da na gaya mata an sa ranar tafiya, a waya ta ce 'yar nan, kin dai ga makwancinsa ko? Ita da ba ta taɓa taka maƙabarta ba, ko ta mijinta. Ta ce ba don komai ba, don dai a ce wani nasa ya gani.

Shi ya sa na je ranar Lahadi. Malam Lawal ya kai mu a motarsa. Bai so ba, ya ce Maman Walida ai mata ba sa zuwa, na ce a nan suna zuwa, ya ce to ai shi ke nan. Ban taɓa shiga maƙabarta ba sai ranar. Ta ba ni mamaki. A share take, da bishiyoyi masu farin fure, mata da yara zaune a kan tabarma suna karatu, suna zuba ruwa a kan kaburbura, duwatsun an naɗe musu kai da farin ƙyalle. Muka wuce tsohon ɓangaren zuwa sabon, inda babu bishiya ko ɗaya, layi bayan layi na jar ƙasa, duk na watannin nan. Jami'in wurin, wani dattijo mai sanyin murya, ya kai mu har bakin shinge, ya nuna tudu biyu da babban yatsa yadda suke nuni a nan. Ciyawa ta fara fitowa a kan duka biyun. Ya ce ɗaya daga cikinsu. Ya yi ta ba da haƙuri. Ya bayyana mini cewa sunayenku biyu suna nan a wajensu da lambobinsu, amma a makonnin da aka kawo ku mota ce ke tona ramuka da yawa a lokaci guda, ma'aikata kuma ramin da ya fi kusa suke fara cikewa, don haka jerin lamba ba ya nuna jerin kwanciya.

Sai na koma tsohon aikina. Na tambayi Malam Lawal a wurin: wa aka fara saukarwa, kuma a wane rami? Ya ce yana kyautata zaton kai ne na hagu, na jikin shinge. Na ce zato ko gani? Ya cire tabarau ya ce wallahi Maman Walida takunkumi ya sa gilashin ya yi hazo, kuma kuka yake yi. Na kira Malam Isa, wanda ya riga ya koma Gusau. Ya ce na dama ne, ba ya shakka. Da na tambaye shi daga wane gefen shingen suka tsaya, sai hagunsa da damansa suka fara canja wuri. Akwai bidiyon da ya ɗauka a waya. Na kalle shi fiye da yadda ya kamata. Hoton na rawa, mutane cikin fararen riguna, ƙunshi biyu farare iri ɗaya. Ana jin muryar Malam Lawal yana salati, ana jin ƙarar mota. Babu abin da za a kafa hujja da shi.

Walida ta tsuguna a tsakiyar su biyun ta ce wanne ne Abba. Na ce ba mu tabbatar ba tukuna. Ta ce to ɗayan wane ne? Na ce wani mutum ne da ba shi da kowa a nan. Ta yi ɗan tunani, ta ɗauki butar da jami'in ya ara mana, ta raba ruwan biyu, rabi nan rabi can, tana leƙa cikin butar kada wani ya fi wani. Ni kuma na tsaya na yi addu'a, ina jira in ji wani abu ya ja ni gefe ɗaya. Shekara da shekaru ina gane tafiyarka tun daga bakin lif, na ɗauka ƙasa ba za ta iya ɓoye mini kai ba. Babu abin da na ji. Zafin rana kawai, da ƙarar motoci a babbar hanya.

Washegari na je Setapak wurin masu sassaƙa duwatsun. Na ba da aikin guda biyu, ƙanana, marasa ado, sunanka da na mahaifinka kawai. Na san da kai aka tambaya, amsar Malam Lawal za ka bayar. Ka yi haƙuri. Ba gini zan yi ba, kai ma ka taɓa cewa alama daban, gini daban. Kuma ba don kai nake yi ba, kai ka wuce bukata. Walida a nan ta yi wayo, nan take kira gida, kuma na san wata rana za ta dawo da ƙafarta, babu ni, babu Malam Lawal, babu dattijon nan. Me za a nuna mata? Ba mu bar mata mutanen da za su ce ga shi can ba.

Mai sassaƙar ya ce boleh, wato zai yiwu, ranar Juma'a da safe zai kai ya kafa, in dai gaya masa wanne. Malam Lawal ya ce in zaɓi na hagu in huta, Allah ya san nasa, kuma wa zai zo ya ƙaryata? Babu. Wannan ne ma ya sa ba zan iya ba. A jarida in ka buga kuskure, gobe mai abin ya zo ofis da faɗa, a gyara a shafi na biyu. Wannan in na kafa shi ya kafu. In na yi kuskure, na sa 'yarka ta zo daga wata duniya ta durƙusa a kan baƙo, kai kana gefe babu suna. Shi kuma mutumin na rufe shi da sunan wani, alhali wataƙila a wani ƙauye akwai matar da ita ma take jira a gaya mata inda aka sa nata. Ban taɓa sakin labari a kan shaidar mutum ɗaya da ya ce idonsa ya yi hazo ba. Ba zan fara a kanka ba.

Saura mutum ɗaya da ban ji ta bakinsa ba: shugaban ma'aikatan da suka sa ku a ranar. Jami'in ya san shi, ya ce an mayar da shi wata jiha a arewa, amma zai neme shi. Ya gargaɗe ni kada in sa rai da yawa, mutumin ya binne jama'a a watan fiye da yadda ɗan Adam zai riƙe a kai. Sai dai ba kullum ake ganin 'yan Afirka biyu a bayan shinge sun ɗaga hannuwa sama ba, wataƙila wannan ya tsaya masa.

Na gaya wa mai sassaƙar yadda za a yi. In tabbaci ya zo, a kafa masu sunan. In bai zo ba, ya kafa duwatsu marasa rubutu a kan duka biyun, masu sunan kuma Malam Lawal ya ajiye su a ɗakinsa har ranar da aka sani, in ya gama karatu ya miƙa wa wanda ya gaje shi. Malam Lawal ya karɓa, bai yi musu ba. Hajiya kuma na gaya mata na ga wurin, a share yake, akwai shinge, akwai masu kula. Duk gaskiya ne. Ba ta tambayi sauran ba, ni ma ban ƙara ba. In na isa Zariya na zauna a gabanta zan gaya mata. Irin wannan ba a faɗarsa a waya.

Gidan ya zama wayam. Teburinka an ba wani sabon ɗalibi da ya zo daga Sakkwato, kwalayen littattafai sun riga mu tafiya ta ruwa. In na yi magana a falo sai in ji muryata tana dawowa.

Allah ya jiƙanka, Abban Walida, ya yalwata maka makwanci, ko wanne ne daga ciki, ya yalwata wa maƙwabcinka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma na san ka yafe mini. Sai mun zo.

Jami'in ya ce zai kira ni kafin azahar ɗin Alhamis. Yau Laraba. An sami lambar mutumin, an tura masa saƙo, saƙon ya shiga. Bai amsa ba tukuna.

Matarka,
Maman Walida
Wangsa Maju, Kuala Lumpur